Zauren kiɗa da lambu a Berlin: tambayoyin da ake ta maimaitawa daga Mayu zuwa Yuni

Duk shekara da sanyi ya ɗan ɗaga sai tambayoyi su fara sauka a guruf ɗinmu na WhatsApp, mafi yawa daga 'yan uwa ɗalibai da ma'aikatan da ba su daɗe da zuwa Berlin ba, wani an ba shi tikitin Philharmonie, babban zauren kiɗan garin, a wurin aiki bai san yadda zai yi da shi ba, wata ta shuka kuɓewa a baranda ta ƙi motsi. Tun ina amsawa ɗaya bayan ɗaya har na gaji, shi ne na tattara su a nan. Ni ba makaɗi ba ne ba kuma malamin gona ba, ɗan lambu dai nake riƙe da shi, zauren kiɗa kuma maƙwabciyata ta lambu ce ta fara jana, wata dattijuwa Bajamushiya.

Wai me ya haɗa kiɗan Turawa da noman lambu har aka zuba su a shafi ɗaya?

Kalanda ce ta haɗa su. Manyan zaurukan kiɗa na Berlin suna buɗe kakarsu ne wajen ƙarshen Agusta ko Satumba su rufe a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, to Mayu da Yuni su ne wutsiyar kaka, kuma a daidai nan ne lambu yake neman ranka, dashe da ban-ruwa da cire ciyawa duk a lokaci guda. Sannan mutanen da za ka tarar a kujerun zauren da daddare, da yawansu su ne dai ka gani da safe da takalmin roba suna tura baro, tsofaffi 'yan fansho. In kana son sanin Jamusawa a inda suka saki jiki, wuraren nan biyu sun fi ofis nesa ba kusa ba.

Menene ainihin kiɗan da suke cewa klasik ɗin nan?

Kiɗa ne rubutacce. Wani ya zauna shekaru ɗari biyu ko uku da suka wuce ya rubuta abin da kowane makaɗi zai yi, sauti bayan sauti, yau kuma makaɗa suna karantawa a takarda suna kaɗawa, ba kamar namu da makaɗi ke duba fuskar mai gida ya sauya zance nan take ba. Sunayen da za ka yi ta ji su ne Bach da Mozart da Beethoven da Brahms, Beethoven ɗin ma a Bonn aka haife shi a 1770, garin nan da sashen Hausa na DW yake. Gungun makaɗan da ake kira okestra kan kai mutum tamanin har ɗari, gaba kuma akwai madugu da 'yar siririyar sanda, shi ba ya kaɗa komai, lokaci yake riƙe musu yana nuna wa zai shigo wa zai sassauta.

Kayan kiɗan ba baƙinmu ba ne sosai in ka lura. Biyolin goge ne, tsirkiya huɗu gare shi a madadin ɗaya. Obo kuwa 'yar uwar algaita ce, bakinsu iri ɗaya ne, kuma ita ce take fara fitar da sauti guda kafin a soma, sai kowa ya daidaita kayansa a kai, to wannan hayaniyar ta farko ba kiɗan ba ne, gyaran murya ne. Na taɓa zuwa da wani ƙanena, ana wannan gyaran ya matso kunnena ya ce yaya wannan ne muka biya kuɗi mu ji? Manyan gangunan tagulla na can baya kuma da ka gan su tambari zai faɗo maka a rai.

Ba ni da kuɗin tikiti, ta ina zan fara?

Fara da na kyauta, suna da yawa. A harabar cikin Philharmonie ana yin ɗan gajeren kiɗa da ƙarfe ɗaya na rana sau ɗaya a mako a lokacin kakar kiɗa, ba a biyan ko sisi, mutane har a kan matakala suke zama da jakunkunansu, sai dai ka je da wuri don ana ƙayyade yawan masu shiga. Makarantun koyon kiɗa guda biyu, UdK da Hanns Eisler, ɗalibansu na yin wasa a bainar jama'a kuma galibi kyauta ne, Yuni da Yuli ma lokacin jarrabawarsu ne sai abin ya yi yawa. Ranar 21 ga Yuni kuma akwai Fête de la Musique, gari gaba ɗaya kiɗa ne a titi.

In shekarunka ba su kai talatin ba nemi ClassicCard, da shi ana samun tikitin manyan zauruka a farashi mai sauƙi ƙwarai. Ɗalibi kuma ya riƙa yawo da katinsa, a tagar sayar da tikiti ta yamma ana yawan karya kuɗin kujerun da suka rage. Shawarata kar ka fara da opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, ta awa huɗu, za ka tsani abin har abada.

Wane kaya ake sawa? Sai da kwat?

Ba dole. Berlin ba ta damu da wannan ba kamar yadda ake zato, za ka ga mai kwat da nakatayi kusa da mai wandon jins. Ni da kaftani da hula nake zuwa tun ba yau ba kuma ban taɓa ganin an harare ni ba, sau biyu ma an tsayar da ni ana tambayar aikin hular. Hajiyoyi ku sa atamfarku da mayafi ku tafi, abu biyu kawai, ɗaurin kallabi kar ya yi tsayin da zai tare wa na baya, awarwaro masu ƙara kuma a bar su a gida don a can ko motsin ledar alewa ana ji. Babbar riga mai sitati ma tana da ƙara in kana gyara zama, na gwada na ji kunya. Rigar sanyi da babbar jaka ana ajiye su a wurin ajiyar kaya kafin a shiga.

Yaushe ake tafi? An ce akwai inda in ka tafa za a kalle ka

Gaskiya ne. Babban kiɗan da ake kira simfoni yawanci kashi huɗu ne, tsakanin kashi da kashi makaɗa kan tsaya na 'yan daƙiƙu, to nan ba a tafi, tari kawai za ka ji ya ɓarke ko ta ina kamar an ba da izini. Sai an gama duka madugu ya sauke hannu ya juyo sannan a tafa, kuma tafin na da tsawo, ya fita ya dawo ya fita ya dawo har hannunka ya yi zafi. Dabara mafi sauƙi ka duba takardar shiri ka ƙirga kashi-kashin, ko ka jira sai rabin zaure ya fara. Ba kullum huɗu ba ne fa, simfoni na shida na Beethoven wanda aka fara kaɗawa a 1808 kashi biyar ne kuma ukun ƙarshe a manne suke, shi nake ba mai lambu shawarar ya fara ji don a ciki akwai kukan tsuntsaye da hadari da tsawa, ba sai an yi maka bayani ba.

Ba a liƙi, ba a kirari, waya a kashe ta gaba ɗaya ba a rage mata murya ba. Wanda ya makara kuma ba za a bar shi ya shiga ba sai an kai wurin tsayawa, a nan lokacin Bature lokacin Bature ne.

Sallah fa? Kuma shin ya halatta ma mutum ya je?

Maganar halacci ba tawa ba ce, malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun da daɗewa, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da ke wurin. Zama ake a kujera ana saurare, ba rawa, a lokacin hutu ana sayar da giya a harabar tare da ruwa da lemo, sannan wasu ayyukan waƙoƙin coci ne, musamman na Bach da duk abin da ka ga an rubuta Messe ko Requiem ko Passion, to mai son kauce musu ya karanta shirin kafin ya sayi tikiti.

Lokaci kuwa, yawanci ana farawa ƙarfe takwas na dare a tashi wajen goma, da hutu na kamar minti ashirin a tsakiya. A farkon Mayu rana na faɗuwa wajen takwas da rabi, wato magariba za ta same ka a ciki, wasu na lallaɓawa a lokacin hutu su yi a wani lungu. A ƙarshen Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi, kana fitowa ka yi abinka da sauran haske a sama. La'asar dai ka yi ta kafin ka bar gida, alwala ma haka.

Na ji ana maganar kiɗan fili a ƙarshen Yuni, shi kuma yaya yake?

Wannan shi ne na Waldbühne, wani filin wasa mai matakala a cikin daji kusa da filin Olamfik, an gina shi ne don wasannin 1936 kuma yana ɗaukar mutum wajen 22,000. A nan makaɗan Berliner Philharmoniker, waɗanda aka kafa tun 1882, suke rufe kakarsu, kuma duk dokokin da na lissafa a tambayar tafi sun sassauta a can, mutane na ci suna sha, a ƙarshe kowa na busa fito da bakinsa ana bin kiɗan Berliner Luft. Tikitinsa na ƙarewa tun da watanni, amma ana nunawa a talabijin. Na kyauta shi ne Staatsoper für alle, wanda gidan opera na Staatsoper ke yi a dandalin Bebelplatz, ranarsa na sauyawa shekara zuwa shekara, a duba. Ko wanne za ka je ka ɗauki rigar ruwa da abin zama, kuma karanta amsar sanyin tumaki a ƙasa kafin ka fita da 'yar shara.

To mu koma lambu. Yaushe zan fitar da dashena waje?

Bayan 15 ga Mayu. Jamusawa na da wasu ranaku, 11 zuwa 15 ga Mayu, da suke kira Eisheilige, wato waliyyan ƙanƙara, sunayen waliyyan coci ne da ranakunsu suka faɗo a nan, kuma tsofaffin manoma sun lura har zuwa lokacin dare ɗaya na iya daskarar da raɓa. Shekarata ta farko na raina maganar, rana ta buɗe a ƙarshen Afrilu har da zufa, na kwashe tumatir da attaruhun da na yi wata biyu ina reno a bakin taga na dasa, maƙwabciyata ta leƙo ta kan shinge ta girgiza kai ba ta ce komai ba, bayan kwana shida na zo da safe na tarar da su sun yi baƙi sun kwanta kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Ita ce ta ba ni ragowar nata dashen.

Ko bayan ranar ta wuce kar ka fitar da su kai tsaye, ka yi mako guda kana fitar da su inuwa da rana kana mayarwa ciki da yamma har su saba. Sannan wajen 11 ga Yuni akan sami wani ɗan sanyi da suke kira Schafskälte, sanyin tumaki, don yana kama tumakin da aka yi wa aski, wannan ba kasafai yake kashe shuka ba amma kuɓewa na tsayawa cak.

Ta yaya ma ake samun lambun?

Waɗannan ƙananan lambuna masu 'yan bukkoki da kake gani ta tagar jirgin ƙasan cikin gari na S-Bahn su ne Kleingarten, wasu na cewa Schrebergarten, sunan wani likita ne na Leipzig, Moritz Schreber, a can aka kafa ƙungiyar farko mai sunansa a 1864. Berlin na da wajen 70,000. Haya ake ba saye ba, kana zuwa ofishin ƙungiyar masu lambu na gundumarku ka rubuta suna sai jira, kuma jiran na shekaru ne musamman a tsakiyar gari. Kuɗin hayar shekara ba shi da yawa, inda kuɗi yake shi ne biyan wanda ya tashi kuɗin bukkarsa da itatuwansa, wannan kan kai dubban Yuro.

Wanda bai san ko zai daɗe a garin ba ya nemi lambun haɗaka. A tsohon filin jirgin saman Tempelhof da aka rufe a 2008 akwai Allmende-Kontor tun 2011, akwatunan katako ne cike da ƙasa kowa da nasa, ga masallacin Şehitlik nan a gefen filin. Baranda ma lambu ce in tana kallon kudu, bokitin fenti da aka huda gindinsa ya ishi tushen attaruhu ɗaya.

An ce dokokinsu sun fi aikin yawa, haka ne?

Akwai doka ta ƙasa baki ɗaya tun 1983. Lambu kar ya wuce murabba'in mita 400, bukka kar ta wuce 24, kuma ba a tarewa a ciki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na filin dole ya zama kayan ci, ganye ko 'ya'yan itace, wannan kam bai taɓa damun Bahaushe ba, ni matsalata ma akasin haka ce, sai da aka tuna min cewa fure ma abu ne. Ranar Lahadi da ranakun hutu ba a kunna injin yanke ciyawa, ƙungiyoyi da yawa kuma suna da hutun rana daga ɗaya zuwa uku. Daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba ba a sare shinge ko a yi masa aski mai zurfi saboda tsuntsaye na sheƙa, ɗan datse kai kawai aka yarda. Ƙona ciyawa irin na sharar gona a gida, kar ma ka fara. Akwai kuma aikin gayya na 'yan awoyi a shekara, ka je, a nan ake sanin mutum.

Cikin kayan miyarmu wanne ne yake yi a ƙasar nan?

Alayyahu shi ne sarki, ka watsa irinsa a ƙarshen Mayu, cikin mako biyar zuwa shida kana yanka, in ka bar shi ya zubar da iri ma baɗi da kansa zai fito har maƙwabta su fara ƙorafi. Kabewa na yi sosai, tushe biyu sun ishe ka miyar taushe har sanyi ya shigo. Rama na ba da ganye. Tumatir na yi amma yana son rufi a kansa, don in ruwan sama na dukan ganyen wata cuta na kama shi ya yi ruwan ƙasa ya ruɓe, kuma a Yuni kowane mako ka bi shi kana cire 'yan rassan da ke tsirowa a hammatar ganye. Attaruhu sai an shuka shi a ɗaki tun Fabrairu, wanda ya tuna da shi a Mayu ya sayi dashe kawai.

Kuɓewa ita ce mai karya zuciya. Zafi take so dare da rana, darare a nan kuwa ko a Yuni da sanyinsu, a fili sai ta tsaya iya gwiwa ta ba ka 'ya'ya uku, amma a ɗakin leda ko jikin bango mai shan rana tana ɗan kyautatawa. Lalo ma haka. Zogale a tukunya yana girma da rani, sanyin farko zai kashe shi in ba ka shigar da shi ciki ba.

Yakuwata ta yi tsayi ta yi kyau amma ba zoɓo, me na yi ba daidai ba?

Ba laifinki ba ne Hajiya, tsawon yini ne. Yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta ya koma wajen awa goma sha biyu, shi ya sa a gida sai damina ta ja baya take yi. A Berlin kuwa yinin ƙarshen Yuni ya kusa awa goma sha bakwai, kafin ya sauko inda take so an shiga ƙarshen Satumba, sanyi na bakin ƙofa. Ki ci ganyenta a miya ki more, zoɓon sha kuma ki saya a shagon 'yan Afirka ko na Larabawa. Waken gida da yawa ma haka yake yi, ya yi ta yaɗo ba fure.

Zan iya sa a taho min da iri daga gida?

A yi hattara. Tun 14 ga Disamba 2019 dokar Tarayyar Turai ta ce tsiro da iri da ɗanyun kayan lambu da za a shigo da su daga waje sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, ko da a jakar matafiyi ne, 'yan kaɗan aka ware irin su dabino da ayaba da abarba da kwakwa. In kwastan suka gani za su karɓe. Irin alayyahu da kuɓewa da yakuwa duk ana samu a wurin masu sayar da iri a nan cikin Turai, lalo kuma ka neme shi da sunan molokhia. Masu lambu ma na musayar iri a tsakaninsu, Turkawa da 'yan Siriya da 'yan Biyetnam na layinmu sun fi kowa sanin abin da ke jure yanayin nan.

Wani abu na cinye min dashe da daddare, kuma ƙasar ba ta riƙe ruwa

Dodon koɗi ne mara ƙoƙo, jajaye masu yauƙi, da ruwa ya sauka sai su fito kamar an kira su, dare ɗaya su share layin latas ko ɗanyen dashen kabewa. Abin da ya yi min aiki shi ne komawa ban-ruwa da sassafe maimakon yamma, da ajiye tsohon katako a ƙasa, da safe ka ɗaga ka tarar da su a ƙasansa ka kwashe. In ka shiga dogayen ciyayi kuma ka duba jikinka da yamma saboda kaska, tana sa cuta.

Ƙasar Berlin yashi ce, jigawa sosai, kuma ruwan samanta a shekara bai cika kai milimita 600 ba, Kano ma ta fi ta samu, sai dai na nan a warwatse yake. Maganinta taki da rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, da ban-ruwa mai yawa sau biyu ko uku a mako maimakon yayyafi kullum. Ka sa ganga a ƙarƙashin indararon bukka.

Yaya kake haɗa biyun a rana ɗaya ba ka gaji ba?

Ina gajiya mana. Ranar da nake da tikiti nakan je lambu bayan asuba, don a Yuni kafin biyar gari ya waye tas, in yi ban-ruwa in ɗaga katakon dodon koɗi in wuce aiki, da yamma kuma sai wanka da kaftani. Abin da ban iya magancewa ba shi ne farce, ƙasar nan ba ta fita duka, akwai ranar da nake tafi a Philharmonie na lura dattijon da ke gefena yana kallon hannuna, na fara jin nauyi, sai ya miƙo nasa ya nuna min, duk tsagar ƙayar fure. A lokacin hutu muka tsaya ya yi min bayanin yadda ake jiƙa ganyen Brennnessel, ciyawar nan mai ƙaiƙayi, a ganga mako biyu a yi takin ruwa da shi, na gwada kuma tumatir ya so shi, warin ne dai sai da maƙwabciyata ta sa na matsar da gangar can bayan bukka.